Labarin kisa a ƙauye: me ya sa soyayyar jaruman ba ita ce sirrin ba?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Na kammala wani littafin Turanci da ƙanwata ta kawo mini, inda aka tsinci gawar mai gidan burodi a wani ƙaramin gari na Amurka, sai wata mai kantin littattafai da matar da take ƙauna, wadda likitar dabbobi ce, suka shiga binciken wanda ya yi aika-aikar. Tun babin farko nake jiran a ce soyayyarsu ce sirrin da ya jawo kisan, amma ashe duk garin ya san da ita, har maƙwabta suna gayyatarsu shan shayi, kuma daga ƙarshe rigimar gado ce sanadi. Shin sakacin marubuciyar ne, ko haka tsarin yake?

Malam Ɗanjuma: Wa alaikumus salam, Malama. Ba sakaci ba ne. Irin wannan labari yana da ƙa'idojinsa tun zamanin marubuciyar Ingila Agatha Christie, wadda littafinta na farko game da tsohuwa Miss Marple ya fito a 1930: gari ƙarami, mai bincike ba ɗan sanda ba, kuma ba a nuna jini ko tsiraici, domin abin da ake so shi ne mai karatu ya yi ta lissafin wanda ya yi ƙarya alhali hankalinsa a kwance yake.

Zaton da kika yi kuwa yana da asali. A Ingila, har zuwa 1967 laifi ne a doka namiji ya nemi namiji, saboda haka wanda ya san sirrin wani yana iya tatsar kuɗinsa da barazanar tona masa asiri, kuma tsofaffin marubuta sun mayar da wannan barazana dalilin kisa mai sauƙin samu. Masu neman jinsi ɗaya sukan fito ne a matsayin gawa ko abin zargi. A 1970 marubucin Amurka Joseph Hansen ya fito da jarumin littafinsa Dave Brandstetter, jami'in binciken kamfanin inshora mai neman jinsi ɗaya, wanda shi ne mai binciken, kuma bai ɓoye rayuwarsa ba. Marubutan yanzu wannan hanya suka bi, shi ya sa dole su nemo wani dalilin, kamar gado ko bashi.

Hajiya Turai: Ni ƙorafina daban ne. A yawancin waɗanda na karanta soyayyar takan cinye binciken, ta yadda za a shafe babi uku ana dafa abinci da zolaya, gawa tana jira, sannan a shafuka goma na ƙarshe mai laifi ya amsa da bakinsa ba tare da an kama shi da wata hujja ba.

Maman Hanifa: Na gode, Malam. Hajiya, a nawa dai hujjar tana nan tun babi na huɗu, wata rasit ce ta garin fulawa da na wuce ban lura da kwanan watanta ba.