Kwaltar wurin fakin ɗinmu kullum sai ta fashe bayan sanyi, ina mafita?

Mai_kula_da_fili:
Salam jama'a, dan Allah masu sanin aikin kwalta a taimaka min. Ni nake kula da wurin fakin na wani gini, yana cin mota kamar 20, ga kuma 'yar hanyar da take shigowa daga bakin titi. Inda muke in sanyi ya zo har ƙasa daskarewa take, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, in zafi ya zo kuma kwaltar har laushi take yi. Bara na sayo kwaltar buhu, wadda ake zubawa ba sai an dafa ba, na cike ramuka uku na bi ta kai da tayar mota, wlh kafin sanyi ya gama fita biyu sun sake buɗewa. Yanzu kuma wajen da motar shara take tsayawa ya tsattsage ƙanana ƙanana kamar bayan kada. Wani ya ce in sa a shafe filin duka da baƙin ruwan nan da ake shafa wa kwalta wai zai rufe komai. In yi? Abin yana damuna sosai, shekaranjiya wata dattijuwa ta yi tuntuɓe a bakin ramin, Allah ne ya kiyaye.

Ɗan_kwangila:
Wa'alaikumus salam. Malam kar ka fara shafen nan tukuna, asara za ka yi. Shafen kamar fenti ne, yana kare saman kwalta daga rana da ruwa amma ba ya ɗaukar nauyi, in ka shafa a kan wajen da ya tsattsage wata biyu uku za ka ga zanen ya sake fitowa yadda yake.

Ruwa ne yake cin ka. Yana shiga ta 'yar tsaga ya sauka cikin tsakuwar da ke ƙasa, dare ya yi ya daskare, shi kuma ruwa in ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, sai ya ɗaga kwaltar ya buɗa tsagar, rana ta fito ya narke ya bar kogo a ƙasa, mota ta hau ta burma. Haka za a yi ta yi duk tsawon sanyin. Shi ya sa ramukan suke fitowa lokacin narkewa, mutane su ɗauka ranar abin ya fara alhali tun tuni ake ɓarnar a ƙasa.

Wancan mai kama da bayan kada kuwa alama ce ƙasan ya riga ya mutu, babu wani faci da zai riƙe shi. Sai an yanke wajen an haƙe har a tarar da ƙasa mai ƙarfi, a zuba sabuwar tsakuwa kamar santimita 15 zuwa 20 a daɓe ta sosai, sannan kwalta mai zafi. Kuma tunda motar shara ce take tsayawa a nan, ni da ni ne kankare zan zuba a daidai wajen, don babbar mota in tana tsayawa waje ɗaya cikin zafi sai ta lotsa kwalta ko wane ne ya yi ta.

Tsohon_direban_rola:
Maganar ɗan kwangila haka take. Ni abin da zan ƙara, yaro na, facin da ka yi ne bai yi ba, ba wai kwaltar buhun ce duka mai laifi ba. Na tabbata ramin yadda ka same shi haka ka juye a ciki, da ƙura da danshi da gefen da ya rududduge. Ana yanka gefen ne ya miƙe tsaye, kusurwa huɗu, a shiga cikin lafiyayyar kwalta kaɗan. A share tas, a bari ya bushe, a shafa ruwan kwalta a bangon ramin don sabuwa ta kama tsohuwa. Sai a zuba kaɗan kaɗan, kar ya wuce santimita 5 a lokaci ɗaya, a daɓe, a ƙara, a daɓe. Ka bar shi ya ɗan ɗara saman filin don zai zauna. Tayar mota ba ta isa gefe da kusurwa, kuma ta nan ruwa yake komawa, ka samo hayar ƙaramin injin daɓe mai girgiza ko na yini ɗaya ne.

Amma ka sani ta buhu ta riƙon ƙwarya ce, a tsallake sanyi da ita kar wani ya karye. Gyara na gaske sai da mai zafi.

Maman_biyu:
Mu wajenmu babu ƙanƙara, rana ce da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, amma ciwon ɗaya ne. Hanyar shiga gidanmu ta yi fari fat ta bushe tana zubar da tsakuwa, ashe rana ce take ƙona man da ke riƙe ta. Sannan inda maigidan yake ajiye mota baƙin mai yana ɗiga, wajen ya yi laushi har da tsinke kana iya tona shi, don mai da dizal narkar da kwalta suke. Ku duba ƙarƙashin motocin da suke kwana a filin naku. Mu sai da aka gyara gangaren ruwa ya daina kwanciya sannan muka huta.

Mai_kula_da_fili:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba gaskiya ka faɗa, ko sharewa ban yi ba sosai. Hajiya kin tuna min, akwai inda ruwa yake kwana biyu bai tafi ba kuma nan ne ramin farko ya fito. To yaushe ya kamata a yi aikin, kuma dogayen tsagogin da ba su zama rami ba fa?

Ɗan_kwangila:
Su ne ma za ka fara da su don su ne ƙofar ruwan. A hure su da iska mai ƙarfi a cire ciyawa da ƙasa, a ɗura musu kwaltar roba da ake narkawa, ita tana miƙewa tana komawa tare da tsagar. Ka yi shi bayan zafi ya sauka kafin sanyi ya kankama, lokacin tsagar ba ta tsuke ba kuma ba ta gama buɗewa ba. Kwalta mai zafi da shafe kuma suna son busasshiyar rana, awon zafi ya haura digiri 10 a ma'aunin Celsius, in ƙasa ta yi sanyi kwaltar tana sandarewa kafin rola ta gama da ita. Wajen da ruwa yake kwanciya ka ce wa masu aikin su fitar maka da gangare, santimita 2 a kowace mita ya isa, ka tsaya a kansu a zuba bokitin ruwa ka ga inda ya nufa kafin su kwashe kayansu. Sabon facin ka bar shi ya yi wata shida ko fiye kafin a shafe filin, daga nan duk shekara 3 zuwa 5 ya wadatar.