An Cuce Ni a Kan Allo Mai Inci 32: Muhawara a Zauren Masu Buga Gem na Sakkwato

Nasiru Mabera: Assalamu alaikum jama'a. Zan faɗi abin da ke raina ko da wasu ba za su ji daɗinsa ba. Na yi wata da watanni ina tara kuɗin allon kwamfuta na buga gem, na shiga wani shago a cikin gari, mai shagon ya nuna mini wani mai inci 32, ya ce Full HD ne, wato mai ɗigon hoto 1920 x 1080, kuma babu abin da ya kai babban allo daɗin kallo. Na biya, na rungumo kwalin a bayan ɗan kabu-kabu har gida. Da na ɗora shi a kan teburina, inda tsakanin idona da allon bai wuce tsawon hannuna ba, sai na ga rubutu ya yi kaushi, gefen haruffa ya yi tsini-tsini, a PUBG kuwa mutumin da ke nesa sai ya koma wani ɗigo mai hazo, kuma sai na karkata wuya kafin in ga taswirar da ke kusurwa. Ra'ayina shi ne allo mai 1920 x 1080 bai kamata ya wuce inci 24 ba matuƙar a kan tebur za a ajiye shi. Ni dai an cuce ni.

Alhaji Bello: Wa alaikumus salam. Ƙanena Nasiru, ba a shagona ka saya ba, amma ina cikin masu wannan sana'a, kuma kalmar cuta tana da nauyi ƙwarai. An ce maka inci 32 ne ka tarar da 27? An ce maka Full HD ne ka tarar da ƙasa da haka? Idan abin da aka rubuta a jikin kwali shi ne ka samu a ciki, to ciniki aka yi da kai ido na ganin ido. Ina roƙonka ka janye wannan kalma.

Nasiru Mabera: Ranka shi daɗe Alhaji, na gaya masa a kan tebur zan ɗora, kuma gem zan buga da shi. Ya ji, ya yi shiru, ya miƙo mini wanda ya fi tsada.

Injiniya Mu'azu: Kafin a yi nisa, bari in kawo lissafin, domin shi ne asalin maganar. Allo mai 1920 x 1080 yana da ɗigon hoto miliyan 2 da ɗoriya, kuma wannan adadi ba ya ƙaruwa don allo ya ƙara girma. A inci 24, kowane inci yana ɗauke da ɗigo kusan 92. A inci 27 ya sauko kusan 82, a inci 32 kuwa kusan 69 ne kacal. Kamar masaƙi ne da aka ba shi kabar ƙaramar tabarma aka ce ya saƙa babba: zai saƙa, amma za ka riƙa hango ƙasa ta tsakanin saƙar. Wanda yake son inci 32 a kan tebur, 2560 x 1440 ya kamata ya nema, domin shi ne zai mayar da shi kan ɗigo 92 ɗin nan, kuma wannan 1440 ɗin a inci 27 yana ba da kusan 109, wanda a ganina shi ne ya fi dacewa da yawancinmu. Saboda haka abin da Nasiru ya gani da idonsa gaskiya ne.

Alhaji Bello: Injiniya, babu wanda ya musa lissafinka. Tambayata ita ce, a wane layi na lissafin nan aka nuna cewa mai shago macuci ne?

Malam Attahiru: Alhaji yana da gaskiya ta wani ɓangare, Nasiru ma haka. Ha'inci a ciniki shi ne ɓoye aibin kaya, kamar yadda ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito game da mai hatsin da ya sa jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama. Allon da ya cika siffar da aka faɗa ba shi da aibin da ke wajabta a mayar da shi. Sai dai idan mai saye ya bayyana buƙatarsa, ya dogara da sanin mai sayarwa, to akwai hakkin nasiha a kansa, kuma shirun da aka yi a nan bai yi kyau ba.

Sani Runjin Sambo: To ai Malam ya gama magana, cuta ce.

Alhaji Bello: Ba haka Malam ya ce ba. Cewa ya yi bai yi kyau ba, kuma tsakanin wannan da cuta akwai tafiya mai nisa. Sani, kai ajinku ɗaya da Nasiru a jami'a, kowa ya san ko me ya faɗa za ka goya masa baya.

Sani Runjin Sambo: Alhaji, da girmanka, kai ma ai 'yan layinku kake karewa. Mutum nawa ne a cikin masu shagunan nan za su iya gaya wa mai saye bambancin 60Hz da 144Hz, wato sau nawa allo ke sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya? Abin da suka sani shi ne babba ya fi ƙarami kuɗi.

Umaru Arkilla: Ni abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda ake magana kamar inci 32 mai 1080 wani abin kunya ne. Gidan gem nake da shi, kuma duk allunan da ke ciki 32 ne zuwa 43. Yara suna zama a kan benci mita biyu daga bango, mutum biyu suna buga eFootball ko FC, goma suna tsaye a bayansu suna kallo, kuma ban taɓa jin wanda ya ce hoto ya yi masa kaushi ba. Idan na sa musu inci 24, na baya ba za su ga ƙwallo ba. Ke nan ni ma cutar yaran nake yi?

Injiniya Mu'azu: A'a Malam Umaru, tazarar zama ce ta raba ku. Daga mita biyu ido ba ya rarrabe ɗigon, kuma PS4 na asali, na'urar buga gem ta PlayStation, ma 1080 ne iyakarsa, don haka zaɓinka daidai ne. Nasiru a gaban allo yake zaune da linzami a hannu, kuma shi ya sa masu buga gasar Counter-Strike ta duniya yawancinsu ke amfani da inci 24 ko 25, domin ido ya ɗauki allon gaba ɗaya ba tare da an motsa kai ba.

Sani Runjin Sambo: Tunda Umaru ya kawo kansa, bari in faɗa. Biyu daga cikin allunan gidanka talabijin ne na hannu masu 1366 x 768, ba su ma kai 1080 ba, kuma idan ka danna hannun gem sai ɗan wasa ya yi jinkiri kafin ya buga. Na sha gaya maka ka kunna musu tsarin gem a saitin talabijin, ka ƙi.

Umaru Arkilla: Sani, wanda aka ci shi a wasa ba ya rasa abin da zai ɗora wa laifi. Kuma tunda gidana ya zama abin zance, hannun gem ɗin da ka ara tun kafin azumi har yau bai dawo ba.

Sani Runjin Sambo: Hannun nan da ciwonsa ka ba ni, sandarsa ta hagu tana ja da kanta, kuma na gaya maka yana wurin mai gyara.

Malama Hadiza: Don Allah ku bar zancen hannu. Ni aikin zane nake yi da allo mai inci 27 na 1440, ƙanena kuma yana buga gem da shi da dare, kuma akwai abin da babu wanda ya tambayi Nasiru. Wane katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hoton gem, ne a cikin kwamfutarka?

Nasiru Mabera: GTX 1650 ne, mai 4GB.

Malama Hadiza: To ka ga matsalar. 1440 yana da ɗigo kusan miliyan 3.7, wato ya kusa ninka na 1080, 4K kuwa miliyan 8.3 ne, ninki huɗu cif. Da mai shagon ya ba ka 1440 ɗin da Injiniya ke yabo, da katin nan ya sha wuya a manyan gem, sai ka rage saiti ko hoto ya riƙa tsinkewa. Ga zafin garin nan da ke haura 40 a watan Afrilu, kati yana aiki iya ƙarfinsa, fanka tana kuka, ga shi yawancinmu da inbata da sola muke lallaɓawa. Inci 24 mai 1080 da 144Hz shi ne daidai da kayanka.

Alhaji Bello: Madalla da Malama. Ashe ma mai shagon taimakonsa ya yi da ya ba shi 1080.

Malama Hadiza: Alhaji, ba haka na ce ba. 1080 ɗin ya dace da shi, girman ne bai dace ba, kuma girman ne aka tallata masa.

Buhari Gawon Nama: Duk wannan wahalar ta masu kwamfuta ce. PS5 ya fito tun Nuwamban 2020, yana fitar da 4K, kuma tun 2022 aka ƙara masa 1440. Ka jona shi da allo ka zauna, babu zancen kati.

Injiniya Mu'azu: Buhari, ko a PS5 sai allonka yana da mahaɗin wayar hoto na HDMI 2.1 kafin ka sami 4K a 120Hz. Mai HDMI 2.0 a 60 zai tsaya.

Buhari Gawon Nama: Ni 60 ta ishe ni. Ku masu kwamfuta ne kullum kuke raina mu.

Alhaji Bello: Har yanzu dai ban ji an janye kalmar ba.

Nasiru Mabera: Alhaji, ina ganin girmanka, amma ba zan janye ba. Na koma shagon da rasit, na nemi a musanya mini da inci 24 ko da zan yi asarar wani abu, aka ce kayan da ya fita ba ya dawowa.

Shehu, mai kula da zaure: Jama'a, dare ya yi, zan taƙaita domin a rufe. Abin da na fahimta shi ne, Malam Attahiru ya tabbatar da cewa babu ha'inci a wannan ciniki, tunda an ba mai saye abin da aka rubuta a kwali. Malam Umaru ya nuna mana da hujjar aikinsa na kullum cewa inci 32 mai 1080 allo ne mai kyau, Malama Hadiza kuma ta bayyana cewa 1080 shi ne daidai da katin Nasiru, don haka idan akwai kuskure, daga wurin zaman ne, kuma matsar da kujera baya zai rage shi. Ni ma na yi shekaru a bayan kanta, na san yadda mai saye ke nuna babban allo da yatsa ya ce shi yake so, daga baya ya dawo da ƙorafi. Daga yau, duk wanda zai kira wani mai shago macuci a wannan zaure sai ya fara kawo hoton rasit da na kwali. Zancen hannun gem kuma Sani da Umaru su ƙarasa shi a tsakaninsu.

Malam Attahiru: Malam Shehu, ka ɗauki rabin maganata ka bar rabi. Na ce akwai hakkin nasiha a kan mai sayarwa, kuma ina so a rubuta wannan a cikin taƙaitawar kafin a rufe.