"Gwarzon Shekara" ko me? A taimaka mu tsayar da kalma kafin Disamba

Malam Sabo, Garki: Assalamu alaikum. Kowace Disamba mujallar TIME ta Amurka tana fitar da abin da take kira Person of the Year, mu kuma a ɗakunan labarai sai mu maka masa "Gwarzon Shekara" mu wuce. Ina ganin akwai gyara. Ma'aunin mujallar, tun da ta fara a 1927 da matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh, shi ne wanda ya fi kowa juya al'amuran shekarar, da alheri ko da sharri. Da wannan ma'auni ta sa Hitler a 1938, ta sa Stalin sau biyu, 1939 da 1942, ta sa Putin a 2007. Bahaushe kuwa in ya ce gwarzo, kirari ya yi. Wace kalma za ta ɗauki Mandela da Hitler duka ba tare da mun yi wa mai karatu ƙarya ba? Haka nan jerin mutum 100 da take fitarwa yawanci a Afrilu, shi ma yana buƙatar suna tsayayye.

Ɗanlami, Bukuru: Wa alaikumus salam Malam. Ni dai ban ga abin tayar da ƙura ba. Kalma in ta zauna a bakin mutane ta zauna. Gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, gwarzon gasar karatun Alƙur'ani, gwarzon shekara, kowa ya gane. Tana da mace, gwarzuwa, tana da jam'i, gwaraza. A kanun labari kuma harafi 15 ce kacal har da tazara. Wace za ku kawo da ta fi ta sauƙi?

Hajiya Asabe, Jos: Ɗanlami, misalan da ka kawo su ne hujjar Malam Sabo. Dukansu gasa ce ko karramawa: an gwada, wani ya fi, an ba shi kofi ko kyauta. A nan gwarzo daidai yake. Ɗauki Gwarzon Afirka da jaridar Daily Trust ta Abuja take zaɓa, wanda ta fara da likitan nan na Kongo, Denis Mukwege, a 2008. Wannan yabo ne tsantsa, babu mai gardama.

To amma duba jerin mutum 100 na TIME na 2015. 'Yan Najeriya huɗu ne a ciki: Muhammadu Buhari, Obiageli Ezekwesili, Chimamanda Adichie, da Abubakar Shekau. Shekara guda ke nan bayan bam ɗin tashar Nyanya da sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014, da bam ɗin kasuwar Taminus a nan Jos a watan Mayu. Ka karanta wa mutanen Jos a rediyo cewa Shekau ya shiga "jerin gwarazan duniya" ka ga ko wayar tashar za ta huta. Kuma su ke da gaskiya, domin mujallar ba ta yabe shi ba, mai fassara ne ya yaba.

Ɗanlami, Bukuru: Na karɓi wannan, Hajiya. To a ce "Mutumin Shekara", kalma da kalma, a huta.

Malam Haruna, Anguwar Rogo: Ba za a huta ba, ɗan'uwa, matsala uku ce a ciki.

Ta farko jinsi. Su kansu masu mujallar Man of the Year suke cewa har 1999, sannan suka sauya zuwa Person don kalmar ta ɗauki mace da namiji. Mu in muka ce "mutumin", dole ranar da aka sa mace mu koma "mutuniyar", wato mun dawo da abin da suka gudu. Kuma an sha sa mata: Wallis Simpson, Ba'amurkiyar da Sarkin Ingila ya bar sarauta dominta, a 1936, Sarauniyar Ingila a 1952, Angela Merkel ta Jamus a 2015, mai fafutukar kare muhalli Greta Thunberg a 2019, mawaƙiya Taylor Swift a 2023.

Ta biyu, "mutumin kaza" a Hausa yana da aikinsa. Ko dai asali, mutumin Kano, mutumin Pankshin, ko kusanci, mutumin Sarki, mutumin gwamna. Kunne yana jin "mutumin" sai ya jira sunan gari ko na ubangida. A rediyo ma, in mai karatu ya ɗan ja ƙarshen kalmar, mutanen Kano "mutumin Shekarau" za su ji.

Ta uku, ba kullum mutum guda ba ne, wani lokaci ma ba mutum ba ne sam. A 1982 kwamfuta aka sa. A 1988 duniyar kanta, saboda barazanar da muhalli ke fuskanta. A 1993 mutum huɗu: Mandela da de Klerk na Afirka ta Kudu, Yasir Arafat na Falasɗinu da Rabin na Isra'ila. A 2006 suka ce "kai", wato duk mai zuba abu a intanet. A 2011 mai zanga-zanga, a 2014 masu yaƙi da cutar Ebola. Duk kalmar da za mu tsayar sai ta iya ɗaukar waɗannan.

Rakiya, Wuse: Malam, "Mai Shekara" fa? Kamar mai gari, mai unguwa. Shekarar tasa ce, ya mallake ta. Ba ta da jinsi, jam'inta "masu shekara", kuma babu yabo a ciki.

Malam Haruna, Anguwar Rogo: Tunanin ya yi kyau, Rakiya, amma gwada ta a jimla. "Greta Thunberg, mai shekara 16, ta zama Mai Shekara." "Mark Zuckerberg na Facebook, mai shekara 26, shi ne Mai Shekara na 2010." Gurbin ya riga ya cika da lissafin shekarun haihuwa, kuma kusan duk labarin irin wannan sai an faɗi shekarun mutumin. "Masu shekara" kuwa tsofaffi za a ɗauka. "Ɗan shekara" ma kada wani ya kawo, jariri ne.

Malam Sabo, Garki: Bari in kawo waɗanda ake yawan gani a rubuce. Fitacce, shahararre, tauraro, zakara, gawurtacce, mai faɗa a ji, mai tasiri. Malam Haruna, a ɗora su a sikeli.

Malam Haruna, Anguwar Rogo: Ga gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a kan teburinsa. Ka ɗauki kalmar ka jingina mata "kyakkyawa" da "mummuna", ko ka sa ta gaban malami sannan gaban ɗan fashi. In ta zauna a duka biyun, ba ta ɗauki ɓangare ba.

Zakara da tauraro sun faɗi tun a nan. Zakara sai an yi gasa, tauraro kuma na fim ne da waƙa da ƙwallo. Fitacce ya karkata ga yabo. Shahararre ya tsallake gwajin, ana cewa shahararren malami, ana cewa shahararren ɓarawo, sai dai abin da yake aunawa daban ne: yawan waɗanda suka san ka. Ma'aikatan jinyar da suka yi fama da Ebola a Laberiya da Saliyo da Gini ba wanda ya san sunayensu. Gawurtacce ma ya tsallake, kuma ina son ƙarfinsa, amma gawurta abu ne da ake tarawa shekara da shekaru, alhali nan aikin wata 12 ake dubawa. Lindbergh yana da shekara 25, tashi guda ya yi daga New York zuwa Paris a watan Mayu, bai gawurta ba tukuna.

Mai faɗa a ji sai a yi hankali da ita, don ita ce ta fi yaudara. Ma'anarta iko: ka yi magana a bi. Ta dace da Sarki Faisal na Saudiyya da aka sa a 1974 bayan rikicin man fetur, ta dace da Ayatullahi Khumaini a 1979. Ba ta dace da kwamfuta ba, ba ta dace da mai zanga-zanga ba, wanda rashin jin maganarsa ne ma ya fito da shi titi. A ajiye ta don irin jerin da mujallar Forbes ta riƙa yi na masu ƙarfin iko.

Saura tasiri. Daga Larabci muka aro ta, amma ta daɗe da zama 'yar gida. Muna cewa kyakkyawan tasiri, muna cewa mummunan tasiri. Magani yana tasiri, guba ma tana yi. Mutum yana yi, na'ura tana yi. Shawarata: "Mafi Tasiri a Shekara". "Mafi" tana ɗaukar mace da namiji yadda muke rubutu yau, in jama'a ce a ce "mafiya".

Ɗanlami, Bukuru: Harafi 21 ke nan, Malam. A shafin farko ko a hoton da za a ɗora a Facebook, ƙarin haruffa shida ɗin nan suna karya layi.

Hajiya Asabe, Jos: Cire "shekara" ka sa shekarar kanta. "Mafi Tasiri a 2024" harafi 18 ne, kuma ya ƙara bayani. "TIME: Trump ne mafi tasiri a 2024." Ya zauna a layi guda.

Amma ni abin da ya fi damuna ba sunan ba ne, aikatau ne. Ko an gyara suna, in aka ce "ya lashe" ko "ya ci" an koma gidan jiya. Ba a cin wannan, domin ba takara ake shiga ba, editocin mujallar ne suke zama su zaɓa. Don haka "ta ayyana", "ta zaɓa", "ta bayyana". Kada a rubuta "lambar yabo", kada a rubuta "ta karrama". Sannan jimla ta biyu ko ta uku a labarin ta faɗi ma'aunin a fili, misali: "Mujallar tana zaɓar wanda take ganin ya fi yin tasiri a al'amuran shekarar, mai kyau ko maras kyau." Daƙiƙa biyar ce a iska, tana kashe rabin gardamar masu kiran waya.

Akwai wani ramin da ake faɗawa kusan kowace shekara. Kafin sanarwar, mujallar ta sha buɗe ƙuri'ar masu karatu a intanet, kuma sakamakonta yakan riga fita. Wanda ya ci ƙuri'ar ba shi ne zaɓin editoci ba. A 2013 Sisi na Masar ya ci ƙuri'a, Paparoma Francis aka sa a bango. A 2016 Modi na Indiya ya ci, Trump aka sa. A 2017 Yarima Muhammad bin Salman ya ci, aka sa matan da suka fasa ƙwai kan cin zarafi. To a nan "ya lashe ƙuri'ar masu karatu" daidai ne, domin an yi ƙidaya. Sai dai kada a haɗa shi da sunan "Mafi Tasiri".

Rakiya, Wuse: To jerin mutum 100 fa, Hajiya? Shi ne ya fi shafarmu, tunda kusan kullum da ɗan Najeriya a ciki.

Malam Sabo, Garki: Kalmar ta riga ta ba mu: "Mutum 100 Mafiya Tasiri a Duniya". An fara yin sa a 1999 don waiwayar ƙarni na 20, ya zama na shekara-shekara daga 2004. Abu biyu ne daban da na Disamba, kada a gauraya. Sanusi Lamido Sanusi ya shiga a 2011 yana gwamnan Babban Bankin Najeriya, Goodluck Jonathan a 2012, Omotola Jalade a 2013, Aliko Ɗangote da Ngozi Okonjo-Iweala a 2014, ita ta sake shiga a 2021, Tony Elumelu a 2020, Bola Tinubu a 2023, Burna Boy a 2024. Duk waɗannan "sun shiga jerin" ne, ba a ce "TIME ta ayyana Ɗangote mafi tasiri a duniya" ba.

Jerin ba na ɗaya zuwa na ɗari ba ne. Rukuni-rukuni ake kasa shi, shugabanni daban, masu fasaha daban, masu ƙirƙira daban, jiga-jigai daban. Saboda haka "ya zo na bakwai" kuskure ne, yawanci daga tsarin shafin intanet mai fassara ya ƙirgo. Wani abin lura: kowane mutum akwai ɗan taƙaitaccen rubutu a kansa, kuma sau da yawa wani sananne ne yake yi, kamar yadda Bill Gates ya rubuta na Ɗangote. In za a ɗauko yabo daga ciki a jingina shi ga marubucin, kada a ce "mujallar ta ce".

Ɗanlami, Bukuru: Tambaya ɗaya ta rage min. In ma'aunin tasiri ne zalla, me ya sa a 2001 aka sa magajin garin New York, Giuliani, aka bar Usama bin Ladan? Ashe su ma suna kallonsa a matsayin yabo, gwarzon namu bai yi nisa da gaskiya ba.

Malam Haruna, Anguwar Rogo: An yi musu wannan sukar a lokacin, kuma tana da ƙarfi. Ko masu karatunsu na Amurka da yawa karramawa suke ɗaukarsa, shi ya sa suka yi ca a kan mujallar lokacin Khumaini. Amma aikin mai fassara shi ne ya ba da sunan yadda masu shi suka bayyana shi. Ko sun cika ma'aunin ko sun kauce, wannan na shafin sharhi ne. Kuma "ta ayyana shi mafi tasiri" ya bar wa mai karatu ƙofar ya ce bai yarda ba, tunda ra'ayin editoci ne aka ba shi labari.

Malam Sabo, Garki: To mun tsaya a kan "Mafi Tasiri a Shekara" da "Mutum 100 Mafiya Tasiri". Zan sa su a kundin kalmomi.

Hajiya Asabe, Jos: Malam, ƙara layi guda kafin ka rufe kundin. In ba mutum ba ne, a sa "abu": "kwamfuta ce abu mafi tasiri a 1982". In rukuni ne, a fara da sunansu: "masu yaƙi da Ebola ne mafiya tasiri a 2014". Sannan ga masu karantawa a iska, a ja wasalin farko da na biyu, taa-sii-ri, kuma a ɗan tsaya bayan "mafi" in an ji numfashi zai haɗe su, don "mafita" tana kusa.