Dogayen tuluna suna tsagewa a gindi kafin su kai wuta

Assalamu alaikum, iyayen gidana maginan tukwane. A Aboabo nake aiki, nan Kumasi, da yumɓun garin Mfensi. Ina ɗaga tulunan fure kan faifan juyi (faifan da ke juyawa ana gina tukunya a kansa), tsawo santimita 40, wuya bai fi yatsa uku faɗi ba.

Tunda hunturu ya shigo abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Kwana ɗaya bakin tulu ya bushe ƙayau, gindi kuwa jagab, yatsa na nutsewa. Rana ta huɗu sai tsaga mai lanƙwasa ta bayyana a tsakiyar gindi. Cikin 10, shida sun tafi haka, biyu wuyansu ya karkace.

Na ƙara garin tsingaro a yumɓun, na danne gindi sosai wajen buɗa cikin curin yumɓun kan faifai, na tsane ruwan ciki da soso ɗaure a sanda. Na rufe da leda kwana uku, sai gumi ya ɗiga ya ɓata bakin. Kifewa kuma ba ta yiwuwa, wuyan ba zai ɗauki nauyin ba.

Ta yaya kuke sa gindi ya bushe tare da wuya ba tare da kun kife tulun ba? Na gode.