Masu Turanci ku zo: "their hand" ne ko "their hands"?

Ɗalibi22:
Salam 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Na rubuta "The students raised their hand" sai malaminmu ya sa jan biro ya ƙara min s a jikin hand, ni kuma abin ya ɗaure min kai tunda ai kowane ɗalibi hannu ɗaya ya ɗaga ba biyu ba, to jam'in na mene ne kuma?

Mai_Alli:
Wa alaikumus salam ƙanina. Malaminka na da gaskiya, kuma Hausarka ce ta ja ka. Mu cewa muke "yara sun ɗaga hannu", "sun sunkuyar da kai", tilo ne kuma babu wanda zai ce hannu ɗaya suke karɓa-karɓa. Shi kuwa Bature ƙirga hannuwan da ke sama yake yi gaba ɗaya, ɗalibai 30 hannuwa 30, sai ya ce hands. Gwada wannan ka ji: "The brothers sold their car", mota ɗaya ce ta haɗin gwiwa suka sayar, amma in ka ce "their cars" to kowa da tasa. Ka ga s ɗin nan ba ado ba ce, ma'ana take canzawa.

Uwar_Biyu:
Haka ne malam, amma fa kar ya tafi yana liƙa s ko'ina. Abin da ba ya ƙirguwa yana nan a tilonsa, "they lost their patience", "they held their breath", haka "they kept their word" in sun cika alkawari, da ka ce words ka fita daga zancen alkawarin. "Changed their mind" kuwa ni duka biyun nake gani, da s da babu.

Ɗalibi22:
To Anti in na ce "the students brought their books" wa zai gane littafi ɗai-ɗai ne ko kowa da tarinsa?

Uwar_Biyu:
Babu mai ganewa wallahi, jimlar ba ta faɗa ba. In adadin ya dame ka sai ka sake mata gini da each, "Each student brought a book", shi ke nan kowa ɗaya. Ka dai lura each tilo take ja, "each student has" ake cewa ba have ba, nan ma jan biron yana jiranka.