Dutse ko Kafin Hausa: wacce zan cika a JAMB?

Ɗan Jahun:
Assalamu alaikum. Iyaye da yayye, shawara nake nema. Daga wani ƙauye nake a ƙaramar hukumar Jahun, bana zan rubuta JAMB. Turanci nake so in karanta, in bai samu ba Tarihi. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa duk ba su yi mana nisa ba. A NECO ina da kiredit a Turanci, Lissafi, Hausa, Gwamnati da Addinin Musulunci. Baba manomi ne, sai da kaka kuɗi ke shigowa. Wacce zan sa a farko?

Malam na Ringim:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ajiye maganar makaranta tukuna, dubi takardarka. Ban ga Adabin Turanci a ciki ba, kuma digirin Turanci yana buƙatarsa, a sakamakon sakandare da kuma cikin darussa huɗu na JAMB. Nan ne 'ya'yanmu na karkara ke faɗuwa, abin yana min ciwo: yaro ya ci maki mai kyau, a tsallake shi, ya zaci rashin hanya ne, alhali haɗin darussansa ne bai yi daidai ba. Ana yarda da haɗa sakamakon zama biyu, don haka za ka iya rubuta Adabin a jarrabawar 'yan waje, wato ta waɗanda suka riga suka bar sakandare. Kafin ka biya ko sisi, buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB a intanet, ka ga wace ce a cikin biyun ke da kwas ɗinka, me take nema, kuma ko hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da shi. Duk matasan jami'o'i ne, ta Dutse 2011, ta Kafin Hausa 2013, ba kowane fanni kowacce ta buɗe ba.

Yayan ɗalibai:
Gaskiyar Malam ce. Ƙanena, ga bambancin ɗaukar. Jami'ar tarayya kan raba gurbi uku: kashi 45 cikin ɗari na cancanta, 35 na jihohin yankinta, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko. A Dutse, a kason cancanta za ka kara da 'yan ƙasa baki ɗaya. Ta Kafin Hausa ta jiha ce, ɗan Jigawa ya fi ƙarfi a can, amma ka karɓi takardar shaidar ɗan asali daga sakatariya tun yanzu. Wacce ka sa a farko ita ke duba ka. Ta biyu kusan suna ce kawai. In maki ya gaza, a yi canjin makaranta a cibiyar JAMB mai lasisi. Ka tabbata an ɗora sakamakon NECO ɗinka a CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, in gurbi ya fito ka karɓa ta can. Gurbin da bai bi ta CAPS ba, ranar bautar ƙasa yake tona asiri.

Inna Malama:
Ɗana, kuɗin rajista sau ɗaya ake biya a shekara, ciki kuwa kullum ne. Ka je da ƙafarka kowace makaranta. Ka tambayi 'yan aji biyu: ana samun gado a hostal? Nawa ne ɗaki a gari, akwai ruwa? Dutse babban birnin jiha ce, haya da abin hawa sun fi ci. Ka lissafa kuɗin mota zuwa gida, domin kwanon gero, wake da manshanu daga rumbun Baba su za su riƙe ka. Akwai rancen NELFUND tun 2024, na ɗaliban jami'o'in gwamnati, tarayya da jiha, amma sai ka zama ɗalibi, don haka a ware buhun da za a sayar don rajistar farko.

Ɗan Jahun:
Na gode, Allah ya saka. Malam, in Adabin bai samu ba fa?

Malam na Ringim:
To ka nemi Tarihi ko Hausa a wacce kundin ya nuna tana da su, ka daidaita darussanka huɗu da kwas ɗin tun ranar rajista. Bayan an rubuta jarrabawa ba a canza darasi.