Alƙalamin tawada yana yanke mini rubutu a tsakiyar baiti, ina matsalar take?

Sabon Marubuci:
Assalamu alaikum. Ina fara rubuta waƙa da hannu kafin in hau kwamfuta, da alƙalami mai shan tawada, irin mai arahar nan, bakinsa M, wato matsakaicin kauri. Da na dakata ina neman kalma sai ya bushe, kafin in girgiza shi ya kawo, baitin ya gudu. A littafin makaranta kuma tawadar naso take yi har bayan takarda. Me zan gyara? Kuma zan iya zuba masa tawadar allo ko yambari?

Mai Gyaran Alƙalami:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kuskura ka zuba masa tawadar allo. Da gawayi da ƙaro ake haɗa ta, shi kuwa wannan alƙalami ta wata siririyar magudana yake sha, wadda ke jikin baƙar robar nan da take ƙarƙashin bakin. Ƙaro in ya bushe a ciki ya toshe ta, garin gawayin kuma ya zauna. Yambari ma haka, bar shi ga alƙalamin kara. Nemi tawadar da aka yi don irinsa: Parker Quink, Pelikan 4001 ko ta Waterman.

Kafin ka ɗora wa tawada laifi, wanke shi. Sabon alƙalami yakan zo da ragowar mai daga masana'anta, kuma mai yana hana tawada bin hanyarta. Ɗiga ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke a kofin ruwa, ka zuƙa ka fesar da mazuƙin da ke cikin alƙalamin kamar sau goma, sannan ka maimaita da ruwa zalla har ya fito fes. Ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi, ban da tafasasshe, ban da sifirit, suna lalata roba. In ruwan rijiyarku mai gishiri-gishiri ne, yi amfani da na gora. Ka tsayar da bakin a kan tishu ya kwana.

Sai ka ɗaga bakin ka duba shi a haske. Tsagar da ke tsakiyarsa ya kamata ta riƙa tsukewa zuwa tsini, harsuna biyun da ta raba kuma su daidaita, kada ɗaya ya hau kan ɗaya. In sun buɗe, alama ce ana danna shi. Wanda ya saba da biro yakan danna, shi kuwa wannan nauyinsa kaɗai ya isa. Kwantar da shi kamar digiri 45, fuskar ƙarfen tana sama.

Bushewa in ka dakata kuwa, a hunturu ba makawa, minti ɗaya ko biyu ya isa iska ta shanye abin da ke bakin. Duk lokacin da ka tsaya tunani, zura shi cikin murfi ko da ba ka danna ya rufe ba. In yana bushewa alhali a rufe ya kwana, hura iska cikin murfin. In tana fita ta wani wuri, murfin ne. Alƙalamin Platinum Preppy ya fi da yawa a nan, don murfinsa yana da wani ƙaramin murfi a ciki da yake toshe iska.

Ɗan Zaure:
Nason kuma laifin takarda ne. Ta littafin makaranta sirirya ce, tana shan ruwa, tawadar wannan alƙalami kuwa kusan duk ruwa ce. Takardar Rhodia mai nauyin giram 80 ko ta Clairefontaine mai giram 90 ba sa naso, sai dai tsada da wahalar samu. Mafi sauƙi, gwada takardar firinta mai giram 80 zuwa 100: ja layi ɗaya a gefe, ka juya bayanta ka gani kafin ka sayi rim. In dole sai littafin makarantar, sauko zuwa baki F, wato siriri, ka haɗa da Pelikan 4001 don ba ta cika kwarara ba. F ɗin Japan irin na Pilot ya fi na Jamus irin na Lamy sirantaka. Siririn baki yana kuma fito da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, wadda M yake cikewa ta zama dunƙule a ƙaramin rubutu.

Kada a bar shi a mota da rana. Iskar da ke ciki tana kumbura da zafi ta turo tawada cikin murfi, musamman in tawadar ta yi ƙasa. A aljihu baki ya kalli sama.

Malamar Adabi:
Ɗan'uwa, alƙalami ba ya kawo ilhama, amma yana hana ka kore ta. A waya kana gogewa kana sakewa, baitin farko ya mutu kafin na biyu ya zo. A takarda ba ka da abin gogewa, dole ka ci gaba. Yi rubutu a shafin dama kawai, kana tsallake layi ɗaya, ka bar na hagu don gyara. In kalma ta ƙi zuwa, ja ɗan layi a gurbinta ka wuce, bakin ma bai samu damar bushewa ba. Abin da ba ka so, soke shi da layi ɗaya tak yadda zai karantu, don sau da yawa kalmar da aka soke ita ce take dawowa ta riƙe amsa-amo. Washegari ka rera waƙar da ƙarfi, kana rubuta adadin gaɓoɓin kowane ɗango a gefe da wata tawadar daban, nan za ka ji inda kari ya karye.

Sabon Marubuci:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. In zan canza launi fa, sai na sake wanki?

Mai Gyaran Alƙalami:
Dole, har ruwan ya fito ba launi. Tawadar kamfani biyu in sun gauraya suna iya yin guda-guda su toshe magudanar. Ko ba canji, wanke shi duk bayan wata ɗaya ko biyu. Tunda launi biyu za ka riƙa aiki da su, sayi alƙalami na biyu mai araha ka ware shi don jar tawada.